Asabar: hazo ya cinye min masallaci

Sanyin yau sai alwala da ruwan ɗumi, wanka kam a bar wa rana. Ƙarfe 6:20 muna gindin Dutsen Dala a Kano ni da Auta, shi da wayarsa, ni da jaka a kafaɗa. Matakalar na nan yadda kuka san ta, ana hawa ana haki.

Hoto ɗaya ya kai ni: koriyar ƙubbar Masallacin Juma'a na cikin gari da hasumiyoyinsa, rufin gidaje shimfiɗe a gabansu. Lissafin ne ya kwaɓe tun daga gida. Masallacin yana kudu maso gabas da Dala, ita kuma rana a Disamba ba daga gabas sak take fitowa ba, tana karkata kudu. Da ta ɓullo wajen 6:45 sai ga ta kusan saitin masallacin. A lokacin hazo ba abin da ya fi wannan ɓata hoto, domin ƙurar da ke tsakaninka da rana ita ke kama hasken ta watso maka a ido. Komai ya yi fari fat, inuwa ta ɓace, ƙubbar ta koma kamar tabon yatsa a gilashi.

Auta ya leƙo allon kyamarata ya ce, "Yaya, wannan hoto ne ko koko aka zuba a faranti?"

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a wuya.

Nan take ya ɗauki nasa, ya buɗe manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ya ja Dehaze, maɓallin rage hazo, har ƙarshe. Sama ta koma shuɗiya kamar an yi ruwan Agusta. Ya ce ai magana ta ƙare. Na ce ya zuƙo hoton mu gani. Gefen hasumiya ya yi wani farin zagaye kamar an shafa alli, sama duk ɗigo-ɗigo, bangayen ƙasa sun koma launin hanta. Dalilin a fili yake: abin da ƙura ta rufe bai shiga kyamara ba tun farko, manhaja kuwa ba ta da inda za ta samo shi, ɗan bambancin hasken da ya rage take matsewa har hoton ya farfashe. Ni iyakata a Dehaze 15 zuwa 20 cikin 100, shi ma a kan gine-gine kawai, ba na taɓa sama. Ya ce, "To Yaya, wa zai tsaya zuƙowa a Instagram?" Ban samu amsa ba sai yanzu da nake rubutu, kuma har yanzun ba mai gamsarwa ba ce.

Abin da ya fi dacewa a gyara tun a wurin ne. Ma'aunin hasken kyamara duk abin da ya gani so yake ya mayar da shi ruwan toka, shi ya sa farin hazo ke fitowa da dauɗa-dauɗa. Sai an ƙara haske da hannu, +0.7 ko +1. A waya, ka danna allon ka riƙe har ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan. Daidaita launi ma kada a bar wa kyamara, tana ganin rawayar ƙura a matsayin kuskure ta wanke ta, hoton ya yi sanyi kamar an ɗauka a Ingila. A kafe shi a 5500K, wato launin hasken rana. Gilashin polarizer, wanda ake ɗaurawa a gaban kyamara, da wasu ke yabo yana rage ƙyallin kwano, amma a kan ƙurar hunturu amfaninsa kaɗan ne, ga shi yana cin haske fiye da ninki biyu. Nawa yana jaka bai fito ba.

Da na juya yamma, wajen Goron Dutse, rana ta koma bayana, sai gari ya dawo. Jar ƙasar katangu, tsatsar kwano, baƙaƙen tankunan ruwa, tantabaru na kewaya wani soro mai zankwaye. Saitin kyamarata: 35mm, f/8, 1/250, ISO 200. A hazo abin da ke kusa shi ne hoton, na nesa rakiya ya yi. Sahun farko na rufin gidaje ya fito tas, na biyu ya ɗan dushe, na uku ya fi dushewa, har dutsen ya zama inuwa. Wannan hawa-hawan ne ke nuna nisa, kuma shi Dehaze ke fara kashewa. Na nuna wa Auta, ya ce ba laifi. Ba laifi!

Gurasa da shayi a hanya. Mai adaidaita ya bi da mu ta Kurmi, cunkoso tun da safe. 

A gida na ga ɓarnar. Na sauya lens, wato gilashin kyamara, a saman dutse, iska na kaɗawa, abin da kullum nake hana mutane, ashe ƙura ta shiga cikin kyamarar. Na tsuke ƙofar hasken lens zuwa f/16, na ɗauki farin bango ba tare da saita gani ba, ga ɗigo uku a sama ta hagu, ɗaya har da jela. A f/4, da ƙofar a buɗe, ba a ganinsu, shi ya sa ake daɗewa ba a sani ba. Na kifa kyamarar bakinta na kallon ƙasa, na busa da ɗan famfon roba. Ba a busawa da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Biyu sun tafi, mai jelar ta ƙi, sai an kai wa mai gyara. Gilashin gaba ma a fara busawa kafin a sa ƙyalle, ƙurar nan da yashi a cikinta, gogewa da bakin riga karce take bari.

Bayan isha'i na ga Auta ya ɗora nasa, shuɗiyar samar da komai. Mutane sai ma sha Allah suke zubawa, har da Kawu da bai taɓa cewa uffan a kan hotona ba. Nawa na Goron Dutse yana nan ban ɗora ba.

Masallacin sai la'asar, tsakanin 4:30 da 5:30, lokacin rana ta koma yamma tana haska shi ta gefe. Na ce wa Auta mu koma Litinin, ya ce yana da ƙwallo.