Ƙurar da a-daidaita-sahu ya ƙara mini a jini

Aikin digirina na biyu a kan jinin masu ciwon sikila ne, kuma abin da nake ƙirgawa ko madubin lab na yau da kullum ba ya nuna shi. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an ji rauni, waɗanda muke kira filetilet, in aka tsokane su sukan zubar da ɓurɓushi daga jikinsu. Ita filetilet faɗinta maikiron 2 zuwa 3 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ɓurɓushin kuwa daga 0.1 zuwa 1. Wani mai bincike a Ingila, Peter Wolf, shi ya kira su ƙurar filetilet a 1967. Ƙura ce mai aiki, domin tana hanzarta daskarewar jini, kuma takan yi yawa a jinin masu sikila.

Sati uku na farko bakina har kunne. Jinin marasa lafiya cike da ƙura, na masu lafiya kaɗan. Na kai wa malamina takardar ina jiran yabo. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Jinin nan, a me yake zuwa?"

Na ce a a-daidaita-sahu, Malam, daga asibiti.

"Na masu lafiyar fa?"

Nan jikina ya yi sanyi. Su a ɗakin da ke maƙwabtaka da lab nake ɗibar nasu.

Washegari na sa aka ɗebi nawa jinin kwalba biyu. Ɗaya na ajiye a kan tebur, ɗayar na saka a jaka muka zaga da ita ta hanyar nan mai ramuka. Wadda ta sha jijjiga lambarta ta yi sama sosai. Jini ɗaya, hannu ɗaya, safiya ɗaya. Ashe rabin abin da nake murna da shi direba ne ya samar mini.

Sai na koma kan ƙa'idar da masanan ISTH, ƙungiyar duniya ta masu nazarin daskarewar jini, suka shimfiɗa, wadda da na karanta na ɗauke ta iyayi. Allura mai lamba 21. A zubar da jinin da ya fara fitowa. Kwalba mai shuɗin murfi mai ɗauke da sitiret, sinadarin da ke hana jini daskarewa, a tsaye, ba girgiza. Kafin awa 2 a sa a injin juya jini a kan ƙarfin juyi 2,500g na minti 15, a kwashe ruwan sama a hankali, a sake juyawa haka. Filetilet ko kaɗan ta rage aka daskarar da ita a firiza mai sanyin digiri -80, da an narke za ta farfashe ta zama sabuwar ƙura. Maganar ɗauke wuta da firizar kuwa, bari kawai.

Ita ma na'urar ƙirgar, fulo saitomita, ba waliyyiya ba ce. Muna yi wa ɓurɓushin alama da sinadarin da ke kama CD41, wato tambarin jikin filetilet, don sanin daga filetilet ya fito, sai wani sinadarin alama mai suna Annexin V, wanda ba ya kamawa sai da kalsiyam, alhali sitiret ya riga ya ƙulle kalsiyam ɗin, dole ka mayar da shi da hannunka. Tsohuwar na'ura irin tamu ba ta ganin ƙananan cikinsu, wani lokaci ma tarinsu su wuce tare ta ƙirga su ɗaya. Gwajin da na fi yarda da shi mai arha ne: ɗigon Triton, wani sinadari mai kama da sabulu. Ɓurɓushin gaske yana narkewa. Abin da ya tsira dunƙulen sinadarin alama ne, datti.

Na zubar da sakamakon sati ukun nan duka. Yanzu da kaina nake ɗauko kwalaben, a jere a tsaye cikin akwati, a kan cinyata, ina roƙon direba ya bi ramuka a sannu. Jiya ɗayansu ya waiwayo ya tambaye ni ko ƙwai nake sayarwa.