Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Na Zama Bakin Bebaye

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya ɗauke ni daga wurin walda, ya ce in riƙa bin sa yawon majigi. Aikin da aka fara ba ni ba wani na a zo a gani ba ne: ɗaukar janareto, kafa sanduna, ɗaure farin ƙyalle, da korar yaran da ke ɓula zana suna leƙe. A ranin 1971 ke nan, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuɗi kuma har lokacin fam da sule ne.

Injin Kawu tsoho ne mai cin fim ɗin milimita 16, a gwanjo ya saye shi. Finafinan Indiya da ake rububinsu a silimomin Plaza da Eldorado na Kano sun fi ƙarfin aljihunsa. Abin da ya mallaka shi ne wasu gwangwanaye masu tsatsa, cike da finafinan Amurka na zamanin da silima ba ta iya magana ba. Mutanen birni sun wuce wurin, amma a ƙauye ranar kasuwa, wallahi sai mun rasa inda za mu zaunar da mutane. Tunda fim ɗin bebe ne, Kawu ke riƙe lasifika yana sa wa kowa magana a baki, kamar yadda masu majigin gwamnati suke yi tun zamanin Turawa.

Wata rana a wani ƙauye bayan Bichi mura ta dishe masa murya. Ya miƙo mini abin magana, ya ce da raɗa, "Ɗana, abu ɗaya zan gaya maka. Kada ka riga shi. Bari ya faɗi tukuna, mutane su yi dariyarsu, sannan ka sa baki."

Fim ɗin na Cali ne, mai guntun gashin baki da sanda da zungureren takalmi. A ciki ya shiga aikin ɗan sanda, aka tura shi unguwar da wani ƙaton ɗan daba ya addaba. Ƙaton ya kama sandar fitilar titi ya lanƙwasa don ya nuna ƙarfi, Cali kuwa ya ɗare bayansa ya cusa kansa cikin fitilar, ya buɗe iskar gas har ƙato ya sheme. Na jira dariya ta lafa, na ce, "To, Sarkin Ƙarfi, a gai da na gida." Wata tsohuwa har da riƙe ciki. Daga ranar lasifika ta zama tawa.

Sunan Cali na gaskiya ban san shi ba sai da muka je nuna fim a wata makarantar kwana. Wani Bature malamin Turanci ya ga yadda nake yi, ya ara mini littafi a kan taurarin wancan zamani. Da Turancina na aji bakwai na dinga haƙilo da shi a gindin aci-balbal, kuma abin da na karanta ya ɗaure mini kai.

Charlie Chaplin, wanda muke ɗauka ɗan gata ne ke wasan talauci, a cikin talaucin ya tashi. An haife shi a Landan a 1889. Uban mashayi ne, ya bar gida, ya mutu a 1901. Uwar mawaƙiya ce da muryarta ta lalace, daga baya ciwon taɓin hankali ya kama ta. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta a Lambeth. Wasan dandali ne ya kai shi Amurka tare da ƙungiyar Fred Karno, sai kamfanin Keystone ya ɗauke shi a kan dala 150 a mako, ya fara fitowa a fim a 1914. A 1915 kamfanin Essanay ya ba shi dala 1,250 a mako. A 1916 kamfanin Mutual ya ba shi dala 670,000 a shekara, alhali bai cika shekara 27 ba. Na karanta wa Kawu wannan lissafi, ya ce in daina ƙarya da daddare.

Amma ba kuɗin ne suka tsaya mini a rai ba. Mutumin ya gane da wuri cewa mai karɓar albashi, kome yawansa, yaron wani ne. Ya gina wurin ɗaukar fim nasa na kansa a Hollywood, a 1919 kuma shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists don su riƙa rarraba finafinansu da hannunsu. A nan na fahimci abin da ya sa finafinan Cali da ke gwangwanayen Kawu duk na 1914 zuwa 1917 ne. Waɗannan ba mallakarsa ba ne, sun yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har suka iso Kano da araha. Na bayansu kuwa yana riƙe da abinsa. Shi ya sa da fim mai magana ya shigo a 1927 kowa ya ruɗe, shi ya yi biris, ya ci gaba da fitar da fim ɗin bebe a 1931, har na 1936 ma kusan haka yake. Ba mai ikon hana shi.

Akwai kuma wani a gwangwanayenmu da mutanen ƙauye ke kira Mai Ɗaure Fuska, don ko gida ya rushe masa ba ya murmushi. Buster Keaton ke nan. Jama'a sun fi son Cali, ina jin don talaka ne mai harbin ɗan sanda da ƙafa ta baya ya ruga, kuma kowa a wurin yana da wanda yake so ya yi wa haka lokacin haraji. Ni dai har gobe Keaton ne gwanina. Shi ne wanda na fi shan wuyar sa wa magana, saboda jikinsa ya riga ya gama faɗin kome.

An haife shi a 1895, iyayensa 'yan wasan dandali ne, kuma wasan da suka shahara da shi shi ne uban ya ɗaga yaron ya yi jifa da shi. Da haka ya koyi faɗuwa. A wani fim na 1924 ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi a kan dogo, ya tashi ya ci gaba da aiki da ciwon kai, sai bayan shekaru likita ya ɗauki hoto ya ga ashe wuyansa ya taɓa karyewa. A 1928 ya tsaya cak aka sako masa bangon gida na gaske, mai nauyin kusan tan biyu, ya tsira ta ramin taga. In da ya goce da taku guda, shi ke nan.

To wannan gwani, a shekarar nan ta 1928, ya saki ɗan kamfanin da yake yin abin da ya ga dama a ciki, ya sa hannu da babban kamfanin fim na MGM. Chaplin da wani tauraron barkwanci, Harold Lloyd, sun gargaɗe shi, bai ji ba. Aka raba shi da yaransa na aiki, aka riƙa miƙo masa labari a rubuce, aka cika masa baki da surutu. Ba muryarsa ce ta kayar da shi ba, ikon da aka ƙwace ne. Ya faɗa shaye-shaye, aurensa ya mutu, a 1933 aka sallame shi. Daga baya ya koma MGM ɗin yana ƙirƙira wa wasu abin dariya a kan dala 100 a mako. Ya rasu a 1966, bayan duniya ta fara waiwayarsa.

Ina cikin wannan karatu ne wani mai gidan silima a Sabon Gari ya aiko wa Kawu. Yana so ya sayi injin da janareto da gwangwanayen gaba ɗaya, ya ɗauki Kawu aikin haska fim da albashin wata, ni kuma a sa ni yagar tikiti a ƙofa. A silima ba a bukatar mai lasifika, fim da bakinsa yake zuwa.

Bayan sallar isha na same shi a zaure yana goge gilashin inji. Na durƙusa na kwashe labarin Keaton kaf na gaya masa, na ƙara da cewa, "Kawu, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shi Baturen naka, baki nawa yake ciyarwa? Damina ta kusa, wa zai zauna a fili kallon bebe cikin ruwa? Je ka kwanta. Gobe da sassafe ka samo mana amalanke."

Inda amalanken ta nufa da abin da ya faru a ƙofar silimar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.