Gwajin batirin litiyam mai 280Ah: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyon haɗa sola, ga bayanin gwaji biyu da muka yi wa batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai sel (ƙananan batiran da ke cikinsa) 16 a jere. Kowane sel 3.2V ne da 280Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), jimilla 51.2V, wato kusan 14.3kWh a takarda. Abin da muke nema shi ne nawa yake bayarwa a zahiri.

Kada wanda ya dogara da lambar bolt da ke fuskar inbata. Irin wannan batirin yana zama tsakanin 3.2V da 3.3V a kowane sel kusan duk tsawon aikinsa, mai rabin caji da mai kusan cika duk kamarsu ɗaya a mita. Dole sai an ƙirga wutar da ta fita. Shi ya sa muka saka shant, wato na'urar ƙirga wutar da ke wucewa, mai 500A a wayar negatib, dab da batir, ta yadda babu wata waya da za ta zagaye shi. A layin fozitib akwai fis, wayar kuma mai kaurin 35mm² ce.

Lodi ya ɗan ba da ciwon kai. Dutsen guga da butar lantarki ba su yi ba, domin da sun yi zafi sai su yanke da kansu, lissafi ya riƙa hawa da sauka. Abin da ya yi shi ne hitar ruwa guda biyu, mai 1500W da mai 1000W, a cikin durom mai lita 200. Inbata na cin nasa kason, don haka batir yana fitar da wajen 53A, kusa da 56A da ke kashi ɗaya cikin biyar na 280Ah. Gwajin zai ɗauki awa biyar da ɗoriya, kuma a wannan lokacin ruwan zai ƙaru da digiri 50 da wani abu. A fara da ruwan sanyi, a tabbata hita ba ta leƙo waje ba, a hana yara zuwa wurin. Kada a sa hannu a ruwan matuƙar wuta na kunne.

Kafin a kunna: a caja har 56.8V, a bari wutar da ke shiga ta ragu sosai, a cire sola da NEPA, batir ya huta awa ɗaya, a mayar da shant sifili. A kuma sauke iyakar da inbata ke mutuwa zuwa 42V, in ba haka ba shi zai katse gwajin tun batir bai ƙare ba.

Gwaji na farko ya tsaya a 243Ah. Sel na 11 ya faɗi zuwa 2.5V, BMS, na'urar da ke kula da sel ɗin tana kare batir, ya yanke, alhali sauran suna wajen 3.1V. A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa an sayar musu da jabu, kuma sau da dama gaggawa ce. Abu uku ke sa sel ɗaya ya riga sauran faɗuwa, kowanne da alamarsa. Idan sel shi ne na farkon cika wajen caji kuma shi ne na farkon ƙarewa, to cikinsa ne ƙarami, babu gyara sai canji. Idan shi ne na farkon ƙarewa amma na ƙarshen cika, lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ƙoshi ba ne kawai. Idan kuwa yana nuna ƙasa da sauran da zarar an ɗora lodi, ya koma daidai nan take da an sauke, a duba ƙarfen haɗi da ke tsakanin sel da sel: noti bai ɗauru ba ko fuskar ƙarfen ta yi datti, kuma wurin zai fi sauran ɗumi.

Namu na biyun ne. Da aka sake caji, sauran sun haura 3.55V shi yana 3.37V. Bambancin kamar ba komai ba, amma a wannan matakin bolt yana iya zama gomman Ah. Ƙaramin mai daidaitawa da ke cikin BMS zai kwashe kwanaki kafin ya cike wannan giɓin, sai muka cire sel ɗin, muka caja shi shi kaɗai da caja mai 10A har 3.65V, muka goge fuskar ƙarfen, muka mayar. Sifanar da za a yi aikin a naɗe ta da salatif, a cire agogo da zobe. Sel ɗaya na iya narkar da ƙarfe in an haɗa kawunansa.

Gwaji na biyu ya ba da 274Ah, kuma sel ɗin sun sauka kusan tare. Awa huɗun farko rubuta lamba duk bayan minti 30 ya isa. Daga lokacin da sel na farko ya sauka ƙasa da 3.0V kuwa, sai a zauna a gabansa, domin daga nan zuwa 2.5V 'yan mintuna ne.

A tuna cewa kamfanoni a digiri 25 suke auna nasu, don haka a rubuta zafin ɗaki tare da sakamako, musamman a Afrilu da Mayu. Da an gama a mayar da caji nan take, kada batir ya kwana babu komai a cikinsa. Abin da ya rage mana shi ne auna zafin kowane ƙarfen haɗi a lodin 100A.