Kafin ka huda katakon nan

Ranar Asabar na shiga shagona a Tudun Wada, na tarar ɗan ƙanwata ya jera gutsattsarin katako 12 a kan benci, maɗaci da kanya, zai haɗa su ya yi biron katako, yana ɗiga musu sufa gulu yana hura musu baki. Ko minti biyar ba a yi ba ya nufi injin huda. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Kawu, ai haka suke yi a bidiyo." Raina ya ɓaci, don ni ma haka na yi.

Wani malami a Samaru ne ya ba ni aikin biro 10 zai raba wa abokan aikinsa. A lokacin, biron katako zalla ma uku kaɗai na taɓa fiƙewa, amma na buɗe baki na yi masa alkawarin mai haɗe-haɗe, launi kan launi. Na sayo maɗobiya wajen mai itacen girki, na haɗa da kirya, na yanka gwangwanin lemo na cusa tsakaninsu don ya fito da farin zare. Ban goge gwangwanin da samfefa ba, ashe fenti gam ɗin ya kama, bai kama ƙarfen ba. Katakon nan kaurinsa milimita 19 ne, ramin da bututun tagulla na cikin biron zai shiga kuwa milimita 7. Na danna bakin huda kai tsaye, ban zaro shi ko sau ɗaya ba don dusar ta fita. Zafi ya taru a ciki, gwangwanin ya kai shi ga gam, sai fas! Shida suka tarwatse a hannuna.

Huɗun da suka tsira na kai masa da damina. Hunturu na shigowa maɗobiyar ta bushe ta motse, tagullar da ke ciki kuwa ba ta motsewa, sai duk suka tsage. Ya dawo mini da su cikin ambulan, ya ce, "Malam, ga kayanka." Bai ƙara ko kalma ba. Har yau wannan shirun yana ci mini rai.

To amma wa zai koya mini? Kafintocin Sabon Gari da na sani ƙofa da gado suke yi, babu wanda ya taɓa manna katako kamar kan yatsa. Wuta kuma sai a kawo ta a ɗauke, dole mutum ya yi sauri. Gam mai haɗi biyu irin su Araldite ya fi ƙarfin aljihuna a lokacin. Sai dai na san itacen ɗanye ne. Na ji sanyinsa a tafin hannuna, na yi shiru.

Na so in zaunar da yaron in karanta masa abubuwa da yawa, amma ga iya abin da ya fito. Kada ka taɓa ɗanyen katako. Ka yi amfani da Araldite mai jinkirin kamawa, ka ɗaure da robar tayar keke, ka bar shi awa 24. In za ka huda, shiga kaɗan, zaro, taɓa bakin ƙarfen. In da zafi, tsaya. Kuma kada ka haɗa komai sai ka fiƙe biro 20 na katako zalla.

Ko da yake wannan na ƙarshen, ni kaina ban yarda da shi sosai ba. Shidan nan da suka fashe su suka koya wa hannuna jin zafin ƙarfe. Shi ma gara ya fasa nasa, amma da katakonsa, ba da kuɗin wani ba.

Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu, gam bai bushe ba sun ɗauki hoto sun sa a Facebook. Ina magana yana latsa waya. Na ajiye masa robar a benci na fita masallaci. Da safe na tarar ya ɗaure katakon tamau, kwalbar sufa gulun kuwa babu komai a cikinta.