Ranar da na kai Baffa wurin ɗan bautar ƙasa

Talata da dare.

Yau tun bayan sallar asuba na goya Baffa a babur muka nufi babban asibitin da ke hedikwatar ƙaramar hukumarmu, saboda gyambon da ke babban yatsan ƙafarsa ta dama ya shiga mako na biyar bai nuna alamar kamewa ba. Duk tsawon wannan lokaci mai kemis ɗin bakin kasuwa ne yake wanke masa, yana haɗa masa kafso da ƙwayoyi a ƙullin leda. Wannan mutumin kuwa duk garinmu Likita ake kiransa, har mai ɗakinsa ma matar Likita ake ce mata, alhali kowa ya san bai taɓa zama a ajin koyon aikin likita ba. Mutumin kirki ne, yana ba da magani bashi har zuwa kaka, amma sunan da muka laƙaba masa ya fi ƙarfin abin da ya sani.

Muka yanki kati, muka sami wuri a benci. Ba mu daɗe da zama ba sai wani dattijo da ke kusa da mu ya sunkuyo ya ce, "Ai babban likitan ba ya nan yau, wanda ke ciki kofa ne, ɗan bautar ƙasa." Nan take Baffa ya jawo sandarsa ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, tashi mu tafi. Da girmana ba za a koyi aski a kaina ba." Na fi minti ashirin ina ba shi baki a gindin dalbejiyar da ke harabar asibitin, kuma a gabana wata mata ta saɓa ɗanta a baya ta fice, ta ce za ta dawo ranar da likitan gaske yake nan. Daga ƙarshe abin da ya zaunar da Baffa shi ne kuɗin man da na tuna masa mun ƙona, ba hujjojina ba.

Likitan matashi ne, ba zai wuce shekara 28 ba. Ya miƙe ya gaishe shi, "Baba, sannu da jiki," sannan ya durƙusa da kansa ya warware tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi. Ya daɗe yana duba bakin gyambon, ya taɓa bayan ƙafar yana laluben bugun jini, sai ya ce Baffa ya rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafar wuri-wuri yana tambaya, "Baba, ka ji nan?" A wurare uku Baffa ya yi shiru domin bai ji komai ba. Daga nan ya tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari da dare, da ko ƙishirwa tana damunsa, tambayoyin da ba wanda ya yi masa a makonni biyar ɗin nan. Aka huda masa yatsa aka auna, sukarin jininsa ya haura sosai. Likitan ya yi mana bayani cikin nutsuwa cewa ciwon suga yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi a ƙafa, yana kuma hana rauni warkewa, don haka kafso kaɗai ba zai taɓa rufe wannan gyambo ba. Ya rubuta magani, ya sa nas ta wanke wurin, ya hana Baffa shiga gona ba takalmi, ya ce mu dawo Juma'a, in kuma ya ga abin bai yi sauƙi ba zai rubuta mana takarda zuwa Birnin Kudu ko Kano.

A hanyar dawowa na yi ta lissafin abin da kalmar kofa ta ɓoye. Kafin yaron nan ya zauna a kan kujerar nan, sai da ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara guda cur yana aiki dare da rana a ƙarƙashin manyan likitoci a babban asibiti, yana zagaya ɓangaren yara da na mata masu haihuwa da na tiyata da na cututtukan manya, sannan hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya ta ba shi cikakken lasisi. Bautar ƙasa kuwa, wadda aka kafa tun 1973, ba matakin karatun likita ba ce. Shekara ce da mai digiri yake yi wa ƙasa hidima, ko lauya ne ko injiniya. Amma mu a ƙauye kofa mun san shi ne a firamare da sakandare, saurayi mai kakin nan da ake turowa ya yi 'yan watanni ya tafi, shi ya sa da aka ce kofa, Baffa bai ga likita ba, baƙon yaro ya gani.

Da yamma na kira wani tsohon ɗalibina wanda yanzu yake horon zama ƙwararren likitan tiyata a Kano, don in ji ra'ayinsa kan maganin da aka rubuta. Ya ce duk daidai ne. Da na ba shi labarin benci sai ya ce, "Malam, ai mu ma ba mu tsira ba." Ya ce yakan fito daga ɗakin tiyata bayan ya yi aiki da hannunsa, dangin mara lafiya su tare shi su ce suna jiran babban likita ya zo ya yi musu bayani. Ya kuma tuna mini yadda gidajen rediyo suke kiran 'yan ƙungiyarsu ta NARD, wato ta likitocin da ke irin horon da yake yi, duk lokacin da aka shiga yajin aiki: likitoci masu neman ƙwarewa. Fassarar ba ƙarya ba ce, domin suna kan hanyar zama ƙwararru a fanni guda, hanyar da ke cin shekara 4 zuwa 6 ko fiye, da jarrabawa mataki-mataki, daga matakin da ake kira rajistara zuwa babban rajistara kafin a kai matakin ƙarshe na cikakken ƙwararre. Sai dai a kunnen Bahaushe, mai neman abu shi ne wanda ba shi da shi. Manomin da ya ji wannan suna a rediyo zai ɗauka ɗalibai ne suka ƙaurace wa aji, ba zai san cewa waɗannan ne suke kwana a kan marasa lafiya a asibitocin koyarwa ba, wasunsu da shekara goma a bakin aiki da iyali a gida.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Ingila an daɗe ana kiran duk likitan asibiti da bai kai matakin ƙarshe ba da sunan da ke nufin ƙaramin likita, ko da kuwa ya shekara takwas yana aiki, har likitocin suka yi ta kokawa cewa jama'a suna ɗaukarsu ɗalibai. A watan Satumba na 2024 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta daina amfani da sunan, ta koma kiransu da wanda ake amfani da shi a Amurka da nan Najeriya, wato resident doctor, wanda asalinsa yake nufin mazaunin asibiti, domin a da irin waɗannan likitoci a cikin asibitin suke da ɗakin kwana. Su ke nan sun gyara nasu da Turanci, mu kuma da muka zo mayar da shi Hausa sai muka zaɓi kalmar da ta nuna abin da ya rage musu, muka bar wadda za ta nuna abin da suka riga suka samu.

Ba ina cewa a ɓoye wa mara lafiya matakin wanda yake duba shi ba. Baffa yana da haƙƙin sanin cewa akwai wanda ya fi wannan yaro gogewa, kuma shi kansa likitan bai ɓoye ba, tunda ya ambaci turawa gaba kafin mu tambaya. Abin da nake so shi ne sunan ya fara da gaskiyar farko, wato cikakken likita ne, sannan sauran bayani ya biyo baya. Da 'yan jarida za su riƙa cewa likitoci masu ƙarin horo a fanni guda, da ma'aikatan ɗakin kati za su daina cewa kofa su ce likitan da ke aiki yau, ina ganin matar nan mai goyo ba za ta fita da ɗanta yana zazzaɓi ba. Tun ɗazu ita ce a raina, domin ban san ƙauyen da ta fito ba, ban kuma san inda ta nufa da shi ba.

Bayan magariba maƙwabta suka shigo duba Baffa. Na ji shi daga zaure yana ba su labarin yadda aka sa shi rufe ido, ya ce, "Wallahi yaron nan ya san aiki." Wani ya tambaya ko Likita ya san an canja masa magani, yana nufin mai kemis, Baffa ya ce gobe zai aika a gaya masa. Ni dai gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa in nemo masa takalmi mai rufi wanda ba zai matse yatsan ba, kuma na riga na nemi izinin shugaban makarantarmu saboda komawar Juma'a.