Ranar kasuwar kifi a Jidda

Ƙaramin kamfani gare ni a Kano, na kai mutane Umara. Biza, tikiti, masauki, mota, sannan ni kaina in bi ayarin, don mutanenmu ba sa son a damƙa su hannun wanda ba su sani ba. Aikin Makka da Madina a tsare yake, kowa ya san abin da ya kawo shi. Ranar da ke cin ƙarfina ita ce ta ƙarshe, wadda muke yini a Jidda muna jiran jirgin dare. Da can Balad, wato tsohon garin Jidda, kawai nake sauke su su yi tsaraba. Yanzu nakan fara da babbar kasuwar kifi ta birnin, wadda 'yan gari ke kira Bangala, a bakin Bahar Maliya, ba nisa da tsohon garin.

Daga Makka zuwa Jidda wajen kilomita 80 ne, don haka ana idar da Asuba nake so mota ta tashi. Da sassafe dillalai ke gwanjon kifin da aka kamo cikin dare, kuma wanda ya zo da hantsi ragowar wasu zai tarar. Tun a mota nake gargaɗi: a tattare abaya da babbar riga, a sa takalmin da ba ya santsi, domin ƙasan wurin kullum a jiƙe yake da ruwan ƙanƙara.

Wanda ya saba da tarwaɗa da karfasa da kifin kwali, idan ya shiga nan sai ya tsaya cak. Ga najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, wanda 'yan Jidda suka fi ji da shi, kuɗinsa ma ya nuna haka. Ga hamur mai faɗin baki, ga sha'ur, ga harid, kore shar, bakinsa irin na aku. Ni sha'ur nake tura mutanena su saya: namansa fari ne, yana son suya, kuma ba ya ƙona aljihu. Najil na da daɗi, amma in za a jefa shi cikin mai ne a dangwala da yaji, asarar riyal ce. Ba kuma duk abin da ke kan tebur ne ɗan Bahar Maliya ba, akwai na gona, akwai wanda jirgi ya kawo daga Turai. Shi ya sa nake ɗaga murfin kunnen kifin da yatsa in ga cikin ja ne, in duba idon bai dushe ba, in danna jikin in ga ko zai taso.

A teburin jatan lande da ƙaguwa da habbar, wata dabbar teku mai hannuwa barkatai, ake samun tirjiya. Wata dattijuwa ta ja da baya tana toshe hanci da mayafi, ta ce, "Alhaji, wannan ƙwaron kuma ci ake yi? Ya halatta kuwa?" Na ce, "Hajiya, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ko yanka ba ya bukata." Ta ce ta ji, amma a zuba wa masu iyawa. Ban matsa mata ba. Hukunci daban, abin da rai ya karɓa daban.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai sana'a, shi ne yadda aka raba aikin. Mai sayarwa awo ne nasa da karɓar kuɗi. Daga nan a kai ledar sashen masu gyara, yawancinsu 'yan ci-rani daga Bangaladash da Indiya, su kankare, su fasa ciki, su yanka yadda aka ce, a biya su nasu. Sai masu suya da gashi, su ma da nasu farashin. Baƙo kan ji kuɗin kilo ya ɗauka ya gama lissafi, alhali sau uku zai sa hannu a aljihu. Don haka tun a mota nake karɓar karo-karo, in riƙe jaka ɗaya, in yi ciniki da baki ɗaya. Mai sayen kilo 10 ba a yi masa farashin mai sayen kilo ɗaya, kuma idan mutum ashirin suka watse kowa na tayawa da hannu, har azahar ba za a gama ba.

Idan kifin ya fito, da sayadiyya ake ci, shinkafa mai duhu da aka dafa da soyayyar albasa, ga ɗan romon tsamiya a gefe. Tsamiyar nan ce ke sasanta mutanenmu da abincin. Hajiyar da ta ƙi ƙaguwa sai da ta nemi ƙari.

Riba kam babu a wannan fita. Kuɗin jiran direba ma daga aljihuna yake fita, ga ƙarnin da sai an wanke motar kafin a mayar wa mai ita. Amma rabin waɗanda ke zuwa ofis da fasfo a shekara mai zuwa, wani ne ya ba su labarin kifin Jidda. Sharaɗina ɗaya ne, kuma a bakin mota nake tsayawa in tabbatar da shi: ɗanyen kifi ba ya shiga akwatin kowa, ko da an naɗe shi a leda bakwai an rantse maigida za a kai wa.