Movsx a ƙaramin bayit: yadda sauti ya koma hayaniya

Aikin ba wani babba ba ne: karanta sauti daga fayil ɗin AIFF, tsarin da kamfanin Apple ya fitar a 1988, da assembili (harshen rubuta shiri da umarnin na'ura kai tsaye) na x86-64, wani tsarin processor. Kowane samfurin sauti bit 16 ne, wato bayit biyu, kuma AIFF babban bayit yake sa wa a gaba, saɓanin x86 da ke fara da ƙaramin. Sai ka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ka tura babban hagu gurbi 8 da umarnin shl, ka haɗe su da umarnin or, mai haɗa lambobi biyu bit da bit. Layi huɗu ke nan.

Da na kunna abin da ya fito, waƙar tana nan a can ƙasa, amma wata irin hayaniya ta danne ta. Na zargi tsarin jera bayit, na juya, abin ya ƙara lalacewa. Na bincika kan fayil ɗin, na bincika saurin samfuri, lafiya lau. Layukan nan huɗu kuwa ko kallo na biyu ba su samu ba, don fayil ɗin gwaji mai ƙananan lambobi ya wuce ta cikinsu sumul.

Sai da na shiga gdb, manhajar bin diddigin kuskure a shiri, ina bin umarni ɗaya-ɗaya da stepi, ina duba rajista (ƙananan ma'ajiyoyin lamba na cikin processor) bayan kowane umarni, sannan na gani da idona. Babban bayit 0x12, ƙaramin 0x9C (0x alama ce ta lamba a tushe 16). Amsar da ta kamata ita ce 0x129C, wato 4764. Bayan shl, eax, rajistar da babban bayit yake ciki, yana riƙe da 0x1200, daidai. Amma edx, rajistar ƙaramin bayit, maimakon 0x9C, sai ga 0xFFFFFF9C. Da or ya haɗa su, waɗannan F ɗin suka shanye 0x12 gaba ɗaya, aka tashi da -100.

Dalilin shi ne movsx. Tunda samfurin sauti yana iya sauka ƙasa da sifili, bayit biyun duk da movsx na ɗauko su, shi kuma aikinsa kwafe bit ɗin alama, wato bit na sama mai nuna ko lamba tana ƙasa da sifili, ya cika sauran rajista da shi. Ga babban bayit abin da ake so ke nan. Ƙaramin bayit kuwa ba shi da wata alama. Bit ɗinsa na sama darajarsa 128 ce kawai. Duk lokacin da ya kai 0x80, movsx zai ɗauka lamba ce ta ƙasa da sifili ya zuba ɗaya-ɗaya har sama. Kusan rabin samfuran sun rufta tsakanin -128 da -1, sauran rabin suna nan lafiya, shi ya sa waƙar ba ta ɓace ba, ta dai dagule.

Gyaran harafi ɗaya ne, movzx a madadin movsx ga ƙaramin bayit, don shi da sifili yake cika sauran rajista:

movsx eax, byte [rsi]
shl eax, 8
movzx edx, byte [rsi+1]
or eax, edx

Har yanzu abin da ke tayar min da hankali shi ne tunanin da a ce add na yi amfani da shi a maimakon or. Mutane da yawa suna cewa ɗaya ne, kuma gaskiya ne muddin guraben biyu ba su taɓa juna ba. A nan add zai ba da 4508, ƙasa da amsar gaskiya da 256 cif. A cikin zangon da ya tashi daga -32768 zuwa 32767, wannan ɗan tsaki ne da kunne zai iya wucewa, sai shirin ya fita hannu da cutarsa. Or ne ya tona asirin da ƙarfi, kuma don haka nake fifita shi wajen haɗa guntaye.

Daga nan na koma kan tsofaffin shirye-shiryena ina tambayar kowane or: me ke cikin saman rajistar nan kafin a haɗa? A x86-64, eax rabin ƙasa ne na rajistar rax mai bit 64, kuma in ka rubuta cikin eax, rabin rax na sama yana gogewa da kansa. Shi ya sa haɗa edx da eax bayan rdtsc, umarnin da ke karanta ƙidayar agogon processor ya raba ta cikin su biyun, yake tafiya da shl rdx, 32 da or rax, rdx kawai. Amma mov al ko mov ax, wato rubutawa cikin bit 8 ko 16 na ƙasan rax, ba sa goge komai, tsohon abin da ke sama yana nan yana jiranka. Na tarar da wuri guda mai irin wannan, sa'a ce kawai take riƙe da shi. Haka nan sar da shr, masu tura lamba dama, wajen rarraba lamba: sar ma alamar yake jawowa. A ARM kuma, wani tsarin processor daban, tarkon yana tsakanin ldrsb da ldrb, takwarorin movsx da movzx wajen ɗauko bayit, duk da cewa can umarni ɗaya na orr yana iya turawa ya haɗa a lokaci guda.

Akwai gajeriyar hanya ga AIFF ɗin: ka ɗauko bit 16 gaba ɗaya, rol ax, 8 ya musanya bayit biyun, sannan movsx eax, ax sau ɗaya a ƙarshe. Ita na koma. Fayil ɗin gwajina kuma yanzu ba ya rasa 0x7F, 0x80 da 0xFF a kowane gurbi, na sama da na ƙasa, domin tsakanin 0x7F da 0x80 ne movsx da movzx suke rabuwa.